Gidan Koren Zare

Shagon Mai Guga ɗaki ne guda a jikin gidansa, ƙofarsa na kallon titi. A ciki akwai tebur mai faɗi da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, da igiyar rataye kaya daga bango zuwa bango. A kan taga kuma akwai wani gwangwanin alewa cike da zaren ɗinki kala-kala. Wannan gwangwani shi ne ofishinsa gaba ɗaya.

Bai yi makaranta ba, don haka ba ya rubuta sunan kowa a jikin kaya. Kowane gida da launin zarensa. In an kawo wanki, kafin ya jiƙa komai sai ya zauna da allura ya yi ɗan ɗinki kamar ƙwayar gero a cikin wuyan riga ko a ƙugun wando, inda ido ba ya kaiwa. Kuma da waɗannan launuka yake kiran gidajen, ko a gaban matarsa. "Yau zan kai na gidan ja." "Gidan shuɗi sun yi baƙi, zannuwan gado sun yi yawa." Yakan ce mai wanki yana ganin abin da maƙwabci ba ya gani, tabon jini da yagaggen aljihu da abin da aka manta a ciki, saboda haka bai kamata sunan gidan mutane ya riƙa yawo a bakinsa ba. Matarsa ta daɗe da daina tambaya.

Tun yana saurayi ya fara wannan sana'a, a bayan wani otal, yana wanke tawul da mayafin tebur har fatar hannunsa ta tsattsage. Daga nan ya sayi dutsen gugarsa na farko, ya sayi keke, ya yi aure. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma yakan faɗe shi ko ba a tambaye shi ba: tunda yake, bai taɓa ɓatar da kayan kowa ba, bai taɓa ƙona ko hankici ba.

'Ya'ya mata Allah ya fara ba shi, duk sun yi aure. Namiji ɗaya ne, shi ne auta. Yaron yana rarrafe wasu masu tashi daga unguwa suka bar wata 'yar farar riga da ƙaramin laktayi na ɗaura wa wuya ba su dawo sun karɓa ba. Mai Guga ya ajiye har yaron ya isa sa ta, ya goge ta tas, ya sanya masa, ya ɗora shi a kan tebur yana kallo.

"Ke, zo ki ga manajan banki!" ya ƙwala wa matarsa kira.

Daga ranar sunan ya bi shi. Uwa da uba da maƙwabta, kowa Manaja, har sunansa na yanka ya ɓace a gidan.

Manaja bai taɓa riƙe dutsen guga ba, kuma ba laifinsa ba ne. In ya miƙa hannu sai uban ya buge shi a hankali. "Ajiye. Wannan hannun na biro ne." Ranar da zai fara babbar makaranta, uban ya raka shi har bakin titi, ya gyara masa wuyan riga, ya rage murya ya ce, "In an tambaye ka aikin babanka, ba sai ka ce wanki ba. Ka ce yana harkar tufafi." Yaron ya gyaɗa kai. Mai Guga ya koma shago yana jin ya yi wa ɗansa gata.

Manaja ya gama karatu, aiki bai samu ba. Abin da ya samu abokai ne, irin waɗanda ba a san sana'arsu ba amma kullum da sabuwar waya. Da yamma sukan je inda manyan motoci ke tsayawa, kowa ya jingina da wadda ta yi masa, a ɗauke shi hoto. Manaja dogo ne, siriri, kaya suna karɓarsa. Matsalarsa ɗaya, ba shi da kayan.

Mai Guga ya fara lura ne da hanci. Ya sauke wata riga daga igiya zai naɗe, sai ya ji turaren da ba na mai ita ba. Wata rana kuma ya tarar da wando an rataye shi karin gugar ya karkace, alhali shi bai taɓa rataye wando a karkace ba. Ya sake wankewa, ya sake gogewa, ya kai wa masu su a kan lokaci.

"Malam, ka san fa yaron nan yana shiga shago in ka fita," matarsa ta ce masa wata rana tana tsince shinkafa.

"Na sani."

"To?"

"To me? Yana dawo da su. Ƙuruciya ce."

"Ƙuruciya da gemu? Kayan mutane ne fa."

"Ke dai ba ki gan shi ba ne a cikin rigar gidan shuɗi. Wallahi ta fi yi masa kyau a kan mai ita."

Ta ɗago ta kalle shi, ta mayar da kanta kan faranti. Shi ma da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya tashi ya shiga shago, ya kama hura gawayin da bai buƙaci huri ba.

A cikin duk gidajen da yake wa aiki, gidan koren zare ya fi daɗewa da su, kuma ya fi son su. Gidan wani likita ne da ya yi ritaya, da matarsa da 'yarsu guda. Mai Guga ne ya goge kayan makarantar yarinyar tun tana sa siket ɗin da bai wuce tafin hannu biyu ba, har ta girma ta gama jami'a. Baba take kiransa, kuma in ya zo ita ke kawo masa ruwan sanyi da kanta. Lokacin da matar Mai Guga ta yi ciwon ƙafa, Likita ne ya zo har gida ya duba ta, Manaja yana makaranta a ranar.

Wani mako matar Likita ta ba shi kwat mai launin toka da wandonta, a cikin leda, ta ce ya kula da ita. Tsofaffin ɗaliban Likita sun shirya masa taron girmamawa ranar Lahadi, kuma ita yake so ya sa, don da ita ya fara aiki. Mai Guga ya san kwat ɗin kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ba a tsoma ta a ruwa. Burushi ake bi da ita, a shimfiɗa ƙyalle mai danshi a kai, a ɗora dutsen guga a ɗaga, ba a jan sa. Ya gama ranar Juma'a ya rataye ta can ƙarshen igiya.

Ranar Asabar da hantsi ya dawo daga sayen gawayi, ya tarar da ledar a ƙasa, maratayin yana lilo shi kaɗai.

Ya kira wayar Manaja, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya leƙa ɗakinsa, sai ƙamshin turare da takalman gida a bakin ƙofa.

"Ya ce ina za shi?"

"Bai faɗa ba," in ji uwar. "Ya dai yi wanka sau biyu. Ya ce in yi masa addu'a, yau zai gaisa da manya."

Da la'asar aka yi da shi zai kai kaya. Ya jira har rana ta karkata, Manaja bai dawo ba. Ya ɗaure sauran kayan gidan kore a bayan keke ya kama hanya, yana tuƙi yana shirya abin da zai ce: kwat ɗin ba ta gama shan iska ba, gobe da sassafe zai kawo. Ko wannan 'yar ƙaryar ma nauyi take masa a baki, don bai saba ba.

Ya shiga ta ƙofar baya kamar kullum. Bai gama kwance igiyar keken ba 'yar Likita ta fito da gudu, ta ci kwalliya, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Baba! Allah ya kawo ka a daidai. Zo ka ga wani."

"Wane ne, 'yar nan? Bar ni a nan, dubi ƙafata duk ƙura."

"Wallahi sai ka shigo. Kai ma ai ubana ne. In bai yi maka ba, ka ƙifta min ido in kore shi."

Ta karɓi ƙunshin kayan ta ajiye, ta ja shi ta hannun riga har falo. Shekarunsa nawa yana zuwa gidan, bai taɓa wuce ƙofar kicin ba. Ya tuɓe takalmansa, ya shiga yana sunkuyar da kai. Abin da ya fara gani ƙafar wando ne mai launin toka, da karin guga miƙe kamar an ja da zare. Ya san hannun da ya yi wannan kari. Ya ɗaga ido a hankali, ya bi wandon zuwa kwat, ya bi kwat zuwa wuya.

Manaja yana zaune a kujerar da ke fuskantar Likita, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da kofin shayi a hannu.

Ko sau ɗaya yaron bai taɓa juya wuyan riga ya ga ɗinkin da ke ciki ba. Da ya gani ma, bai san gidan da kore yake nufi ba, don ba a taɓa faɗa masa ba, shi kuma bai taɓa raka ubansa kai kaya ba. Ya duba igiya ne kawai ya zaɓi abin da ya fi tsada, ya sa, ya zo gaida uban yarinyar da yake nema a cikin kwat ɗin uban.

Kofin da ke hannun Manaja ya ɗan yi ƙara a kan faranti. Iyakar abin da ya nuna ke nan.

"Wannan shi ne Baba mai yi mana guga," yarinyar ta ce. "Tun ban san kaina ba yake tare da mu. Baba, wannan shi ne wanda nake ba Mama labari. Mahaifinsa ma harkar tufafi yake yi, yana da kamfani, yanzu haka yana ƙasar waje."

Mai Guga ya ji maganarsa ta bakin titi ta dawo masa, ta yi ƙiba, ta yi kamfani, har ta hau jirgi.

Manaja ya ajiye kofin. Bai tashi ba. Ya ɗan ɗaga hannu, irin yadda ake yi wa mai gadi daga cikin mota.

"Sannu, dattijo. Ya aiki?"

"Da godiya," in ji Mai Guga. Ya ji bakinsa ya ƙara da kansa, "Ranka ya daɗe."

Likita tsoho ne mai magana a hankali, yana kallon mutum ta saman tabarau. Tun shigowar Mai Guga yake kallon wannan ya kalli wancan.

"Malam, ka zo da kwat ɗin?" ya tambaya.

Maganar da ya shirya a hanya ta gudu. In ya ce gobe, gobe za a ga kwat ɗin da baƙo ya sa jiya. In ya ce ga ta nan a jikin ɗana, ya tuɓe yaron tsirara a gaban yarinyar da yake so. Ya dubi Manaja. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, idanunsa suna roƙo kamar lokacin da yake ƙarami in ya fasa kofi.

"Yallaɓai," ya ce, "na ƙona ta."

"Ka ƙona ta."

"Dutsen ne ya yi zafi, hankalina ya tafi wani wuri. Ta ƙone a baya, ba ta gyaruwa. A yi min haƙuri."

Matar Likita ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Taron fa gobe ne!"

Likita ya ɗaga mata hannu. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya juya wajen Manaja.

"Ɗana, kai da ka tashi a gidan tufafi. Mutum ya yi maka aiki shekara da shekaru bai taɓa ɓata maka ko zare ba, yau ya zo ya ce ya ƙona maka rigar da ka fi so. Me ya kamata a yi da shi?"

Mai Guga ya gane ƙofa ce aka buɗe wa yaron, a buɗe har bango. A ransa yana cewa, tashi, ɗana, tashi ka faɗa, ni zan ɗauki sauran.

Manaja ya gyara zaman kwat ɗin a kafaɗarsa.

"Ai Abba, irin waɗannan mutanen sai haƙuri," ya ce. "In tsufa ya zo, hannu ba ya bin ido. Gara a sallame shi cikin mutunci. Akwai wuraren wanki na zamani, zan iya haɗa ku da wanda nake kai nawa."

Yarinyar ta juyo ta kalle shi, murmushinta ya ragu.

"To," in ji Likita. Ya mayar da tabaransa. "Malam, mu je in raka ka."

Suka fita ta kicin, Likita a gaba yana jan ƙafa. Sai da suka isa wajen keken ya tsaya.

"Maɓallin hannun hagu," ya ce. "Na ƙarshe. Ya fi sauran duhu kaɗan. Kai ka ɗinka shi a nan wurin, a kan wancan benci, ina tsaye. Tun da yaron ya miƙo min hannu na gan shi. Na yi shiru ne ina tunanin ko an sace maka ita an sayar." Ya numfasa. "Sai da ka shigo na ga goshinku iri ɗaya. Ɗanka ne?"

Mai Guga ya kalli ƙasa. "Ɗana ne."

"Ka san yana ɗaukar kayan mutane?"

"Na sani, yallaɓai."

"Kwat ba komai ba ce, Malam. Tsumma ce, ta ma girme shi. Da ka ce min ɗanka ne, ga sana'arka, ga halin da ake ciki, da na ce ya tuɓe ta ya zauna mu yi magana. Ni ma ubana itace yake faskarawa." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi sauƙi. "Amma yarinyar nan ta ja ka har falo ta ce kai ma ubanta ne. Ta ce ka ƙifta mata ido. Ka tsaya a gabanta ka taya shi yi mata ƙarya. Da ban ga maɓallin nan ba fa? Sai ka bar ta ta aure shi, kana kawo mana guga ta ƙofar baya?"

Gaskiya ita ce, tun da Mai Guga ya shiga falon bai tuna da yarinyar ba ko sau ɗaya.

"A kawo min ita gobe da safe," Likita ya ce, ya juya ya koma ciki.

Bai iya hawa keken ba, tura shi ya yi har gida. Matarsa ta ga fuskarsa ta ajiye tambayarta. Kafin magariba Manaja ya shigo, kwat ɗin a kan hannunsa, ya tsaya a ƙofar shago yana sosa ƙeya.

"Baba, wallahi ban san ta gidan ba ce. Da na sani da wata zan ɗauka." Ya matso. "Amma ka yi ƙoƙari fa. Na gode. Ka ga ba su gane komai ba. Tsohon ma har ƙofa ya rako ni, ya ce in gaida babana."

"Ya ce ka gaida babanka."

"Eh. In komai ya daidaita, Baba, wallahi sai na raba ka da wannan wahalar. Ba za ka ƙara taɓa kayan dattin kowa ba."

Mai Guga ya karɓi kwat ɗin. Wannan godiyar ta fi "dattijo" ɗin ciwo. Ya so ya ɗaga murya, ya so ya ɗaga hannu, amma duk abin da ya zo bakinsa sai ya ji shi ne ya fara koya wa yaron shi. Ya shimfiɗa kwat ɗin a kan bargo, ya ɗauki burushi.

Turaren ya kama ta sosai. Ya rataye ta a iska, ya bi ta da tururi, ya sake ratayewa. Da safe ya sa ta a sabuwar leda ya kai. Matar Likita ce ta karɓa a ƙofar kicin. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi ƙafar matarsa. Ya ɗan tsaya, kamar yadda ya saba, a miƙo masa ƙunshin wankin sabon mako. Ba a miƙo ba. Ruwan sanyi ma bai fito ba. Labulen tagar sama ya motsa, ya koma ya tsaya.

A hanyar dawowa ya tsaya a shagon kayan gini ya sayi kwaɗo. Yana cikin ɗaura shi a ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida matarsa ta leƙo.

"Ɓarayi aka yi a unguwa?"

"A'a."

Ta gane. Ta tsaya tana kallonsa yana murɗa sukurun da wuƙa. Da ya gama sai ya buɗe gwangwanin alewa, ya ciro koren zaren, ya miƙa mata.

"Ungo. Ki yi ɗinki da shi."

Manaja yana tsakar gida a kan tabarma, ya juya baya, yana ta danna waya, yana kiran lambar da ba a ɗauka. Mai Guga ya tsaya a kansa. Akwai tulin kayan gidan ja da ba a jiƙa ba, kuma ya yi niyyar yau ba shi kaɗai zai wanke su ba. Ya buɗe baki zai ce Manaja, ya fasa. Sai ya kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon da a ji shi a gidan tun ranar farar riga da laktayi.

Yaron bai juyo ba. Ba taurin kai ba ne, bai gane da shi ake ba.

Mai Guga ya sake kira.